Makewayin Karnukan Jidda

Tun da na dawo Funtuwa ban sha shayi a majalisa ya sauka mini lafiya ba. Da na ɗaga kofi sai wani ya matso: "Sabi'u, wai da gaske ne abin da ake faɗa? Ka tafi ƙasa mai tsarki ka ɓige da gina wa karnuka masai?" Sai a kwashe da dariya. In na fara bayani, kafin in kai tsakiya wani ya iso, a ce in koma farko. Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na zauna na rubuta. Amsar dai ita ce e, da gaske ne, kuma a duk ayyukan da hannun nan nawa ya yi babu wanda nake tinƙaho da shi kamarsa.

Sana'ata daɓe ce da shimfiɗa tayil, kowa a unguwarmu ya sani. Wanda ya ja ni Jidda kuwa Abdulhadi ne, ɗan baffana. Baffan ya tafi aikin hajji tun kafin a haife ni, ya zauna, ya yi iyali, ya rasu a can. A Jidda aka haifi Abdulhadi, bai taɓa taka Najeriya ba, a waya kawai muka san juna. Yana aiki da wani ɗan kwangilar gyaran gine-gine, yana kuma ganin hotunan aikina. Wata rana ya kira ya ce maigidansa na neman mai hannu a daɓe, kuma maigidan zai tsaya mini a matsayin kafili, wato mai ɗaukar nauyin baƙon ma'aikaci a wajen hukuma. Na tambaye shi wane irin gini ne.

Ya ce, "Hadana ce, Yaya. Gidan reno."

Na ce, "To, yara ke nan. Ai aikin lada ne ma."

Ya yi ɗan tari ya ce layin ba ya da kyau.

Da takardu suka kammala na kama hanyar Kano a motar haya, ta Malumfashi da Gwarzo. Kayana jaka ɗaya, da lebul ɗina, wato dogon ma'aunin nan mai ɗigon ruwa a tsakiya, sai ƙullin daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa da mahaifiyar Abdulhadi, Hajiya Inna, ta ce kada in kuskura in taho babu su. Dab da Gwarzo taya ta fashe. Direba ya ciro ta ajiya, ita ma a kwance take. Muka zauna a gindin wata bishiyar darbejiya muna jira ya je ya dawo. A nan ne wani dattijo ya tambaye ni ina na nufa da wannan sanda. Da na ce Saudiyya, nan take na zama babban mutum. Wata mata ta ce in roƙa wa ɗanta aikin yi. Dattijon ya ce in roƙa masa cikawa da imani. Direba da ya dawo gumi sharkaf ya ji zancen, ya ce shi dai in roƙa masa tayoyi sababbi.

Hawan jirgina na farko ke nan. Ba zan ce ban ji tsoro ba, amma wata tsohuwa mai zuwa umara da ke kusa da ni ta riga ni. Da jirgin ya ɗaga ta damƙe mini hannun riga tana salati, dole na dake na zama mai ba da haƙuri.

A filin jirgin Jidda aka ce in ɗora yatsu a kan gilashi a ɗauki zanensu. Na ɗora, na'ura ta ƙi. Ma'aikacin, wani saurayi mai ɗan gemu, ya ce, "Marra tanya." Na gane sake yake nufi. Na sake, ta ƙi. Siminti ya cinye zanen yatsuna tun shekaru, sun yi sumul kamar bayan cokali. Layi ya taru a bayana, gumi ya karyo mini duk da sanyin wurin, har na fara hango kaina a jirgin komawa. Sai wani tsoho mai goge ƙasa ya wuce da abin gugarsa, bai ko kalle ni ba ya ce da Hausa tsantsa, "Goga a goshi, ɗan'uwa. Maiƙon zai fito da shi." Na goga, na ɗora, na'ura ta yi ƙara ta karɓa. Kafin in juya in yi godiya ya yi nisa.

A wajen masu duba kaya kuma daddawa ta yi nata. Mutumin ya kwance ƙullin, ya sunkuya, sai ya yi baya da kai kamar an mare shi. Ya ce, "Esh hada?" Na yi masa alamar ci da hannu. Ya dube ni da tausayi, ya ƙulle da kansa da sauri, ya ce, "Yalla, yalla."

Abdulhadi na jirana a waje. Ya rungume ni ya haɗa kumatunsa da nawa dama da hagu, ni kuma na tsaya ƙiƙam don ban saba ba. Hausarsa kamar fate ce, rabi Larabci. Da muka fito zafi ya tare ni. Zafin Jidda ba irin namu ba ne. Namu ƙuna yake yi, nasu jiƙa mutum yake, kamar an rufa maka tsumma mai ɗumi a fuska.

A Waziriyya aka sauke ni, unguwar masu ƙaramin ƙarfi a kudancin gari, a wani ɗaki na sama da na raba da Malam Ila, mai aikin famfo, mutumin Maraɗi. Dattijo ne siriri, ba ya fara magana sai ya ce "bon", wato "to" da Faransanci. Na'urar sanyaya ɗakin tana ruri kamar injin niƙa, amma in ka kashe ta ba ka barci. Da safe mukan karya da ful, wato dafaffen wake da aka dama da mai, da wani faffaɗan burodi mai zafi da suke kira tamis. Da rana shinkafa da kaza a kan leda a ƙasa, a zauna a kewaye. Abin da ya ba ni mamaki shi ne garin da rana kamar an yi shara, sai rana ta faɗi kasuwa ke ci. Ga kuma kyanwoyi. Yadda awaki ke yawo a lungunanmu haka kyanwoyi suke a Jidda, kowane kwandon shara da sarkinsa. Ranar Juma'a muka je Ammariyya gaida Hajiya Inna. Ta karɓi daddawar ta kai hanci, ta lumshe ido, hawaye suka zubo mata. Ta yi mana tuwon shinkafa da miyar kuka, ta zauna tana tambayata mutanen da yawancinsu sun daɗe da rasuwa.

Washegari Abdulhadi ya kai mu wurin aiki ni da Malam Ila. Tsohon sito ne babba a arewacin gari, babu komai ciki sai ginshiƙi a tsakiya da tarin buhunan siminti. Ina cikin duba ƙasa sai ƙofa ta buɗe, wata mata ta shigo cikin baƙar abaya, riƙe da igiya. A ƙarshen igiyar akwai wata halitta mai gashi buzu-buzu, girmanta ya kai ɗan maraƙi. Ban san lokacin da na hau kan buhunan siminti ba.

Abdulhadi ya riƙe ciki yana dariya. "Yaya, sauko. Wannan ita ce Dakta Nuha, mai wurin, likitar dabbobi ce. Wannan kuma Sukkar."

"Sukkar? Sukari?"

"Aiwa, sukari."

"Abdulhadi, ina yaran?"

Ya nuna karen. "Ai na ce maka gidan reno."

Daga saman buhunan aka yi mini bayani. Akwai masu karnuka a Jidda, Turawa da sauran baƙi da wasu 'yan ƙasar, waɗanda ke fita aiki tun safe. Za su riƙa kawo karnukansu nan su wuni, da yamma su ɗauke su, kamar yadda ake kai yara. Saboda zafi ba za a iya fitar da su waje da rana ba, kwalta ƙona musu tafin ƙafa take yi, ga wasunsu 'yan ƙasashen sanyi ne masu gashi kamar bargo. Don haka wasa da ci da barci da kewayawa, duk a cikin ɗaki za a yi. Aikina shi ne daɓen wurin gaba ɗaya da makewayin.

Na sauko muka koma gida. A ƙofar ɗaki Abdulhadi ya riƙo hannuna ya ce, "Wallahi na ji tsoron in na faɗa ba za ka zo ba. Na sa sunana a kanka wajen maigida, Yaya. In ka ƙi, halas, shi ke nan, ni ma aikina ya tashi." Na zame hannuna na shige.

Malam Ila ya bar ni na huce. Bayan la'asar ya haɗa shayi ya miƙo mini, ya ce, "Bon. Ni shekaruna da yawa ina haɗa bututu, ban taɓa tambayar bututu abin da zai bi ta cikinsa ba."

Na ce, "Malam, kare fa. Da wane ido zan kalli mutanen gida? Da waɗanne tufafi zan yi salla?"

Ya ce, "Tufafin aiki daban, na salla daban, kamar kullum. Kuma ka tambayi malamanmu na Malikiyya, ba su ɗauki jikin kare mai rai najasa ba. Fitsarin ne najasa. To mu me aka kira mu yi? Mu kore shi. Akwai masu aiki da za su wuni a wurin nan, su ma salla suke yi. In daɓen ya yi kyau, ƙafarsu ta tsira. In ka tafi aka kawo wanda bai iya ba, su ne za su taka."

Na juya maganar a raina har magariba. Da safe na riga kowa sa takalmi.

Rigimarmu ta farko da Dakta a kan tayil ce. Ni na ce a sa mai sheƙi, a watsa ruwa a goge, magana ta ƙare. Abdulhadi ya fassara. Ba ta yi musu ba. Ta ce mu biyo ta ɗan ofishin gaba, inda akwai tsohon tayil, ta zuba ruwa kaɗan, ta kira Sukkar. Karen ya taho da murnarsa, yana taka wurin ƙafafunsa na baya suka baje, ya zube, ya yi wani ɗan kuka siriri da bai dace da girmansa ba. Ta durƙusa ta tallafe shi. Ta ce tsoho ne, ƙugunsa ya gaji, kuma ko ƙaramin kare in yana gudu a kan santsi zai iya samun gocewar ƙashi. Ta ƙara da cewa layukan da ke tsakanin tayil shan fitsari suke yi, bayan 'yan watanni ko da me ka wanke warin ba ya fita. Gaskiya ta faɗa. Ni da nake ganin na san daɓe ciki da waje, ban taɓa tunanin wanda zai taka shi da ƙafa huɗu ba.

Abin da aka tsayar shi ne: a yi daɓen siminti mai gangare zuwa lambatu, a shafe shi da maganin hana ruwa shiga, sannan a shimfiɗa roba mai kauri mai ɗan kaushi a kai. Tsohon daɓen siton ya sha baƙin mai, kuma gangarensa ƙofa ya nufa, don haka sai da muka farfasa shi. A nan ne na ji daɗin lebul ɗina. Gangaren ba a so ya yi yawa har kare ya ji yana tafiya a karkace, ba a so kuma ya yi kaɗan ruwa ya kwanta. Na ja zare daga kowace kusurwa, na bi da gwiwa taki-taki. Simintin can saurin bushewa gare shi saboda zafi, in ka juya baya ya tsage, sai muka riƙa rufe shi da jiƙaƙƙun buhuna. Dakta ta fara kirana "mu'allim". Na ce wa Abdulhadi ya gaya mata ni ba malami ba ne, ko izu goma ban haɗa ba. Ya ce a can duk wanda ya ƙware a sana'ar hannu haka ake kiransa. Ban sake hana ta ba.

Robar ce ban taɓa shimfiɗawa ba. Zuwa take a nannaɗe kamar tabarma, nauyi kamar mushen bijimi. Wani Bafakistane daga wurin masu sayarwa ya zo ya nuna mini yadda ake shafa gam, da yadda ake haɗe bakin biyu da wata bindiga mai hura iska mai zafi har su narke su zama ɗaya. Ba ya jin Hausa, ba na jin yarensa, Larabcinmu duka biyu gurgu ne, amma hannu ya fahimci hannu. Gwajina na farko na ƙona robar ta yi baƙi, wari ya cika wurin, Malam Ila ya fita yana tari yana cewa na gasa taya. Na tattara guntayen da aka yanke na yi ta koyo a kansu har hannuna ya faɗa. Ban tsayar da robar a gindin bango ba, na lanƙwasa ta ta hau sama kamar taƙi ɗaya, ɗakin gaba ɗaya ya zama kamar faranti mai baki, babu kusurwar da ruwa zai laɓe.

Makewayin kuwa biyu muka yi, na manya da na ƙanana, kowanne a kusurwarsa. Na sauke ƙasan wurin ya yi ɗan zurfi kamar tire, da gangare mai ƙarfi zuwa rami. A kai muka ɗora raga ta roba mai ƙafafu, a kan ragar kuma ciyawar roba mai huda-huda, yadda fitsari zai zarce ƙasa ba tare da ya jiƙa tafin kare ba. Ciyawar ana ɗaga ta a wanke. Gefen na yi masa ɗan tudu mai sulɓi, ba mai kaifi ba, saboda irin su Sukkar. Malam Ila ya kawo famfo da tiyo kusa, ya sa matacin gashi a bakin ramin, da lanƙwasasshen bututun nan da ruwa ke tsayawa a ciki ya tare wari. Da muka gama na tsaya na kalli wurin, kore shar a kan toka-toka, na ce ko ɗan sarki aka kawo ya kewaya a nan ba a ci mutuncinsa ba.

Sai ranar gwaji. Dakta ta roƙi ƙawayenta da abokan aikinta suka kawo karnukansu. A nan na ga ikon Allah. Wani kamar tunkiya, wani kamar ɓera da aka sa wa riga, wani fuskarsa a murtuke kamar an danna ta da bango. Sunayensu kuma Lulu, Basha, Fustuƙ. A gida in mafarauci ya sa wa karensa suna, habaici ne yake yi wa maƙwabta: Ƙyale-su, Sai-haƙuri. Can kuwa sunan lele ake ba su, a sumbace su a ka. Ni dai ina bayan wani ɗan shinge ina kallo.

Daɓen ya yi abin da aka so. Suka yi ta tsere suna juyi, babu wanda ya zame. Amma makewayin, ko ɗaya bai yi abin da aka gina shi dominsa ba. Dakta ta fesa wa ciyawar wani magani da aka ce yana jawo su, duk a banza. Kwanciya suka yi a kai suna barci, don nan ne iskar na'urar sanyi ke sauka. In fitsari ya matsa musu sai su tashi su nufi ginshiƙin tsakiyar ɗaki su ɗaga ƙafa. Wani ɗan fari mai rawar kai, Basha, ya zaɓi akwatin kayan aikin Malam Ila. Malam ya ce "bon" bai ƙara komai ba.

Abin dariya ne, amma ba mu yi dariya ba. Ma'aikacin hukumar gari zai zo duba wurin a makon, kuma maƙwabcinmu Abu Salim, mai shagon darduma, ya riga ya kai kuka cewa wari zai kashe masa kasuwa. In ba a ba da izini ba, babu buɗewa. Dakta ta bar aikinta na asibitin dabbobi saboda wannan wuri. Da aka kwashe karnukan ta kifa bokiti ta zauna a kai, ta zuba wa ginshiƙin ido. Abdulhadi ya fita waje yana amsa kiran maigidansa da ƙaramar murya.

Washegari na ce a sake kawo su. Na ajiye kayan aiki, na zauna a bayan shingena tun safe ina kallonsu kawai. Can sai na tuna Baba Dogo, wani mafarauci da muka yi maƙwabtaka da shi ina yaro. Akwai wani kututturen giginya a ƙofar gidansa. Duk safiya in ya saki karnukansa, ɗaya bayan ɗaya sai sun je sun shinshina kututturen nan sun ɗaga masa ƙafa, ga fili fetal amma ba su kula shi. Na kira Abdulhadi na ce, "Gaya mata abu mai tsayi suke nema. Mun ba su fili, su turke suke so."

Da ya fassara ta miƙe tsaye. Ta ce, "Sah!", wato haka ne. Ta bugi goshinta, ta ce ita hankalinta duk ya tafi kan ƙamshi. Sannan ta ƙara nata: kare ba ya ɓata inda yake kwana, don haka muddin sanyi na sauka a kan ciyawar, gado ce a wurinsu. Malam Ila ya hau tsani ya juya bakin na'urar ya koma ɗaya gefen, aka shimfiɗa musu katifu a can. Ni kuma na yanko bututu mai kauri, tsayinsa zuwa gwiwa, na cika shi da kankare, na kafa a tsakiyar kowace ciyawa daidai saman gangaren. Dakta ta sa safar hannu ta goga tsumma a gindin ginshiƙin ta shafa wa turakun, sannan aka wanke ginshiƙin tas da magani aka kewaye shi da benci.

Aka sako su. Muka zuba ido kamar masu jiran ganin wata. Basha ne ya fara zuwa wajen ginshiƙin, ya tarar da benci, ya tsaya yana mamaki. Ya zaga, ya zaga, hanci a ƙasa, har ya hau ciyawar. Ya shinshina turken. Ya juya ya kalle mu. Sai ya ɗaga ƙafa.

Jama'a, ni Sabi'u, da gemuna, na tsinci kaina ina tafa wa fitsarin kare. Malam Ila na ta "Wala! Wala!" da Faransancinsa, wato ga shi nan. Abdulhadi ya ɗaga ni sama. Dakta ta rufe fuska da gefen mayafinta, kafaɗunta na rawa, ban sani ba ko dariya take ko kuka. Kafin azahar sun mai da turken majalisa, wannan ya sauka wancan ya hau, matan cikinsu kuma suna tsugunawa a gefe. Sukkar ya zo a hankali, ya haye ɗan tudun nan ba tare da ya yi tuntuɓe ba.

Ranar dubawa ma'aikacin ya zo cikin farar jallabiya mai guga, Abu Salim na biye da shi yana buɗa hanci tun daga ƙofa. Mutumin ya zaga, ya duba bango, ya sa aka ɗaga ciyawar ya sunkuya. Sannan ya tambayi wanda ya yi daɓen. Aka nuna ni. Ya ce a kawo ruwa. Na ciko bokiti, na tafi kusurwa mafi nisa da lambatu, na yi bisimilla na sheƙa. Ruwan ya bazu, ya tsaya kamar yana shawara. Sai ya haɗa kansa ya miƙe, ya ratsa ɗakin nan gaba ɗaya a natse, ya zagaye ginshiƙi, ya faɗa rami. Ko cikin tafin hannu bai rage a kwance ba. Mutumin ya taka inda ruwan ya bi ya murza takalminsa, bai zame ba. Ya dube ni ya ce, "Masha Allah, ya mu'allim." Abu Salim ya ƙara shaƙar iska, bai ji wari ba. Da za su fita ya ja Abdulhadi gefe ya tambaya ko zan duba masa bayan gidan shagonsa, wai ruwa na kwanciya.

Na yi masa, na yi wa wasu ma bayansa, har wa'adin iƙamata, wato takardar zama, ya kusa cika. Na samu na je Makka na yi umara tare da Malam Ila, na isar da saƙon mutanen motar Gwarzo, har da tayoyin direba. Ranar da na je sallama da Dakta wurin ya cika da haushi da gudu, ma'aikata na wanke ciyawa da tiyo, babu wari ko kaɗan. Ina tsaye muna magana Sukkar ya zo ya kwanta ya ɗora haɓarsa a kan takalmina. Ban shafa shi ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma ban janye ƙafata ba har muka gama.

Da na iso gida na tarar da mahaifiyata tana ɗingishi. Ashe ina can ta zame a makewayi ta bugu a ƙugu, aka ɓoye mini don kada hankalina ya tashi. Na leƙa wurin. Tayil ne mai sheƙi, ni da kaina na sa mata shi shekarun baya, ga ruwa kwance a kusurwa. Ban huta gajiyar hanya ba na ɗauko guduma. Na fasa shi duka, na sake gangaren, na yi mata daɓe mai kaushi wanda ya hau bango, na rage tudun ƙofa na sulɓe bakinsa, na kafa ƙarfen dafawa a inda hannunta ke kaiwa.

Da ya bushe na riƙo ta ta shiga. Ta taka, ta murza ƙafa, ta zuba ruwa daga buta ta ga ya gudu. Ta saki hannuna ta tsaya da kanta.

Ta ce, "Sabi'u, wannan dabara a gidan wane attajirin ka koyo ta?"

Na ce, "Inna, a wurin wani tsohon kare mai ciwon ƙugu."

Ta dube ni ta ga ba wasa nake ba. Ta sake murza ƙafarta a daɓen, ta gyaɗa kai.

Ta ce, "To, Allah ya haɗa shi da ƙashi mai ɓargo."